Talaka

Talaka (jam'i: talakawa) kalma ce ta Hausa da ake kiran mutumin da ba ya riƙe da sarauta ko wani muƙami na mulki, wato wanda ake mulka. A Hausar yau an fi jin ta da ma'anar mutumin da ba shi da wadata. Ma'anonin biyu sun daɗe suna tafiya tare, har mai magana kan furta kalmar ba tare da ya tantance wadda yake nufi ba, amma asalinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko tana magana a kan matsayin mutum a cikin al'umma, ta biyu kuma a kan abin hannunsa. Tun daga shekarar 1950 kalmar ta ƙara samun nauyi na siyasa a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma jaridun Najeriya masu fitowa da Turanci sukan rubuta jam'inta yadda yake ba tare da fassara ba.

Sigar kalmar

Ana amfani da talaka ga namiji da mace: "shi talaka ne", "ita talaka ce". Jam'inta yana ɗaukar ɗafa-ƙeyar -awa, wadda Hausa ke gina sunayen rukunin mutane da ita, kamar Kanawa, Katsinawa, fadawa da ƙauyawa. Sai dai a nan akwai ɗan bambanci. Irin waɗannan sunaye galibi tilonsu yana farawa da ba-, kamar Bakano, bafade, baƙauye, amma tilon talakawa bai ɗauki wannan ɗafa-goshi ba.

Daga tushe ɗaya aka samu talauci, wato halin rashin wadata, da aikatau talauce da talauta, kamar a ce "ya talauce" ko "fari ya talauta su", da kuma matalauci, matalauciya, matalauta. Duk waɗannan sun tsaya ne a kan ma'anar rashi, babu wadda ta ɗauki ma'anar zama ƙarƙashin sarki. Idan ana son ƙarfafa ma'anar rashin a cikin kalmar talaka kanta, sai a haɗa ta da amsa-kama, a ce "talaka ne futuk" ko "talaka ne tilis".

Asali da yaɗuwa

Kalmar ba ta Hausa kaɗai ba ce. A harshen Abzinawa akwai taleqqe, mai nufin marar ƙarfi ko wanda ke zaune ƙarƙashin kariyar wani, kuma masu nazarin harsuna da dama suna ganin daga nan Hausa ta aro ta, tare da wasu kalmomi da suka shigo ta hanyar cuɗanya da mutanen Azbin da fataken Sahara. A Zabarmanci ana cewa talka, Barebari da Fulani da Nufawa ma suna da sigoginsu, Yarabawa kuma suna cewa talaka da ma'anar matalauci. Yaɗuwarta daga bakin hamada har zuwa ƙasar Yarabawa ya bi hanyoyin fatauci da yaɗuwar Musulunci, waɗanda Hausawa suka daɗe suna cikinsu.

Ma'ana ta farko: wanda ake mulka

A tsarin gargajiya na ƙasar Hausa, 'ya'ya, wato waɗanda ba bayi ba, sun kasu gida biyu: masu sarauta da talakawa. Masu sarauta su ne sarki da hakimai da dagatai da masu unguwanni da sauran masu riƙe da rawani, tare da zuriyarsu da ke da gadon sarautar. Duk wanda ba ya cikin wannan rukuni talaka ne, kome dukiyarsa. Attajiran Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka yi fice a fataucin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19, suna da bayi da dabbobi da manyan gidaje, amma a gaban fada talakawan sarki ne. Haka ma malamin da ba a naɗa shi alƙali ko liman ba, duk da girman da jama'a ke ba shi.

Shi ya sa a wannan ma'ana kalmar ta fi zuwa da mallaka. Ana cewa "talakawan Sarkin Zazzau", "hakimi ya tara talakawansa", ko mutum ya je gaban basarake ya ce "ni talakanka ne". Mai faɗin haka ba kukan babu yake yi ba. Yana shaida cewa yana ƙarƙashin ikon wanda yake gaisarwa, kuma yana da haƙƙin a saurare shi a yi masa adalci. Har yanzu ana jin wannan salo a fadoji, kuma ɗan kasuwa mai motoci goma zai iya furta shi ba tare da kowa ya yi dariya ba.

Talaka kuma ba bawa ba ne. Ɗa ne, yana da gonarsa da iyalinsa, ba a sayar da shi, kuma idan zalunci ya ishe shi yana iya kwashe iyalinsa ya koma ƙasar wani hakimi, abin da masu sarauta ke gudu domin raguwar mutane raguwar haraji ce. Amma 'yanci bai hana wasu bayi fin talaka ƙarfi ba. A Kano, manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna da iko da dukiya da kusanci da sarki wanda babu talakan da ke mafarkinsa. Bayan da Turawan Ingila suka zartar cewa duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901 ɗa ne, sannan suka soke bauta baki ɗaya a Arewa a 1936, 'yantattun bayi da zuriyarsu sun shige cikin talakawa, sai kalmar ta ƙara faɗi.

Su kansu talakawa ba daidai suke ba. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950, ya nuna cewa sana'a ce ke tantance darajar mutum a tsakaninsu. Malamai da attajirai suna sama, manoma da masu sana'o'in hannu irin su masaƙa da marina da maƙera da dukawa suna tsakiya, mahauta da maroƙa kuma ana ajiye su ƙasa. Ya kuma bambanta sana'ar da mutum ya gada da wadda ya shiga da rana tsaka, wato shigege, wadda ba a cika ganin ta da daraja kamar ta gado ba. Wannan jeri ya fi bayyana a lokacin neman aure, inda iyaye kan binciki sana'ar gidan da mai nema ya fito.

Abin da ke wuyan talaka

Abin da ya fi kome bayyana talaka a tarihi shi ne cewa shi ke biya. Manomi yana biyan kuɗin ƙasa da zakkar hatsi, makiyayi yana biyan jangali, mai noman rani yana biyan kuɗin rafi, marini yana biyan kuɗin karofi. Ban da wannan akwai aikin gandun sarki, da gyaran ganuwa, da saukar da baƙin fada, da gaisuwar da ake kai wa basarake idan ana neman wani abu a wurinsa. Akwai kuma ladabin jiki: cire takalmi tun daga nesa, faɗuwa gaisuwa, da jinjina idan sarki zai wuce.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Kitab al-Farq, ya lissafa irin waɗannan abubuwa cikin laifuffukan sarakunan Hausa na zamaninsa. Ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da ƙwace kayan mutane a kasuwa, da kuma al'adar zuba ƙasa a ka a gaban sarki. Wannan suka na cikin abin da ya ja manoma da makiyaya zuwa ga jihadin 1804. Sai dai da yawa daga harajin sun dawo a masarautun da aka kafa bayan jihadin, wasu da sunansu na da.

Zuwan Turawa a 1903 bai sauke nauyin ba, tsara shi ya yi. An haɗe haraje-haraje iri-iri zuwa haraji guda da ake biya da kuɗin Bature, an fitar da hakimai daga birane aka zaunar da su a gundumominsu domin su tara shi, an kafa baitulmali, aka kuma damƙa wa En'e kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari. Ta haka basarake ya samu ƙarfin da ya wuce na da, domin talaka ba shi da inda zai kai ƙararsa sai wurin waɗanda yake ƙara. Buƙatar kuɗin haraji na cikin abin da ya tura manoma noman gyaɗa da auduga, ya kuma tura samari cin rani da aikin haƙar kuza a Jos. A ɓangaren Nijar, Faransawa sun ɗora harajin kai da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946.

Ma'ana ta biyu: marar wadata

Tunda mafi yawan waɗanda ake mulka manoma ne masu ƙaramin ƙarfi, kuma su ne haraji ya fi ci, ba a daɗe ba ma'anar rashi ta manne wa kalmar. Da ikon sarakuna ya ragu, bayan an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e ɗin, sai wannan ma'ana ta biyu ta rinjayi ta farko. A yau idan aka ce "ɗan talaka ne", abin da mai sauraro zai fahimta shi ne iyayensa ba masu kuɗi ba ne. Kishiyar kalmar ma ta sauya: da can basarake ne, yanzu mai kuɗi ne, ko attajiri, ko mai hannu da shuni.

Duk da haka talaka ba shi ne wanda ya rasa kome ba. Mutum ne mai sana'a ko gona, mai ciyar da gidansa da guminsa, wanda abin da yake samu bai wuce na yau da gobe ba. Kalmar ba zagi ba ce, mutane da yawa suna kiran kansu da ita, wani lokaci har da alfahari, domin tana ɗauke da ma'anar cin halal da rashin hannu a cikin dukiyar gwamnati. Furucin "talaka bawan Allah" yana nuna tausayi ga wanda ba shi da mai tsaya masa sai Ubangiji.

Kalmomi masu kusancin ma'ana

Babu wata kalma guda da ke maye gurbin talaka a duk inda ta zo. Kowace daga cikin makusantanta tana ɗaukar ɓangare ɗaya ne ta bar saura.

A ɓangaren matsayi akwai mabiya, wadda ake amfani da ita gaban shugabanni, kamar a ce "shugabanni da mabiya". Malamai a wa'azi sukan ce ra'iyya, daga Larabci, ga jama'ar da aka ba shugaba kiwonsu, sukan kuma ce amawa ga waɗanda ba malamai ba. Yaku-bayi tana nufin gama-garin mutane da ba kowa ba ne, kuma tana da ɗan ɗaci a cikinta, domin galibi ana faɗinta ne lokacin kwatanta yadda ake yi wa manya da yadda ake yi wa sauran jama'a. Na ƙasa tana aiki a kowane tsari mai matakai, a ofis ko a kasuwa, inda ake da na sama da na ƙasa. A aikin gwamnati ana cewa ƙananan ma'aikata, a aikin soja da na 'yan sanda kuma kurtu, jam'i kurata.

Bara, jam'i barori, da yaro a ma'anar yaron wani, sun bambanta da talaka ta wata hanya muhimmiya. Su mutane ne da suka jingina da ubangida guda, suna yi masa hidima yana ɗaukar nauyinsu, abin da ake kira barantaka. Baran sarki ko bafade yana iya zama ba shi da ko sisi, amma kusancinsa da mai iko ya fitar da shi daga sahun talakawan gari, har ma shi ne sau da yawa talaka ya fi jin tsoro.

A ɓangaren rashi, matalauci ita ce mafi kusa, kuma ta fi talaka tsananin ma'ana. Faƙiri da miskini sun shigo daga Larabci, kuma su ne rukunai biyu na farko cikin takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a matsayin masu cin zakka. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, faƙiri shi ne wanda yake da ɗan abin da ba zai ishe shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da kome. A bakin jama'a miskini ta ƙara ɗaukar ma'anar mai naƙasa ko marar lafiyar da ba ya iya nema. Mabuƙaci, marar galihu da mai ƙaramin ƙarfi kalmomi ne na sakayawa, waɗanda gidajen rediyo da hukumomin agaji suka fi so domin ba su da kaushi. A raha kuma mutane kan kira kansu 'yan rabbana ka wadata mu.

Matsiyaci, daga tsiya, ita ce wadda bai kamata a musanya ta da talaka ba. Tana nufin wanda ya rasa kome har ba a sa ran zai farfaɗo, kuma tana haɗa rashin da mugun hali ko rashin albarka, shi ya sa ta zama zagi. Ana iya ce wa mai kuɗi matsiyaci idan marowaci ne ko fitinanne. Haka nan baƙauye ba daidai take da talaka ba, duk da cewa 'yan birni kan haɗa su, domin tana magana ne a kan rashin wayewa.

Talaka a siyasa

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ita ce ta mayar da kalmar taken gwagwarmaya. Sanarwar Sawaba da ta fitar a wannan shekara ta bayyana al'ummar Arewa a matsayin ɓangarori biyu masu karo da juna, masu riƙe da En'e a gefe guda da talakawa a ɗaya gefen, ta kuma ce 'yantar da talaka aikin talaka ne da kansa. Malam Aminu Kano, wanda ya zama shugabanta a 1953, shi kansa ɗan gidan malamai da alƙalai ne, amma har ya rasu a 1983 ana kiran sa jagoran talakawa. Magoya bayan jam'iyyar sun fi yawa cikin teloli, ƙananan 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu da malaman allo. Marubuta waƙoƙi irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja sun taimaka wajen kai saƙonta, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta jagoranci mata, aka ɗaure ta sau da dama saboda haka.

Abin da NEPU ta nema daga talaka na farko shi ne ya daina jin tsoro: ya ƙi aikin dole, ya ƙi biyan abin da doka ba ta ɗora masa ba, ya daina faɗuwa ƙasa gaban basarake. An biya wannan da tsada, domin kotunan En'e sun yi wa 'yan jam'iyyar da yawa bulala da ɗauri. A zaɓen 1951 NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda En'e ke cusa mutanenta a cikinsa, ya hana ta kai ko mutum ɗaya majalisar Arewa.

Jam'iyyar PRP ta gaji wannan aƙida a Jamhuriya ta Biyu. A 1979 ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, inda Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, nauyin da aka fi danganta shi da zama talaka tun kafin zuwan Turawa. A Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta gina kanta a kan ma'aikata da 'yan ƙwadago da ƙananan 'yan kasuwa, ta yi kiran a ƙi ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958. Ta sha kaye, kuma aka haramta ta a 1959.

Bayan wannan zamani kalmar ta zama ta kowa. Babu jam'iyyar da ke yaƙin neman zaɓe da Hausa ba tare da ta yi alkawarin share wa talaka hawaye ba, kuma laƙabin masoyin talakawa ya zama abin da mawaƙan siyasa ke liƙa wa duk wanda suke yi wa waƙa. Goyon bayan da Muhammadu Buhari ya samu a Arewa tun daga takararsa ta 2003 an fi bayyana shi da cewa na talakawa ne. Yawan amfanin ya rage wa kalmar kaifin da take da shi a bakin 'yan NEPU, waɗanda a wurinsu tana nuna wani ɓangare ne da ke fuskantar wani ɓangare sananne.

A karin magana

Karin maganar Hausa ba ta yi wa talaka kallo ɗaya ba. "Bin na gaba bin Allah" tana koya masa biyayya, "ba a mugun sarki sai mugun bafade" kuma tana ɗauke laifi daga kan sarki ta ɗora wa na kusa da shi. "Talaka ba aboki ba, ko ka so shi ran biki ka ƙi shi" tana faɗin yadda ake gudun marar abin hannu ranar da ake buƙatar gudummawa. A ɗaya ɓangaren akwai "talauci ba ya kau da 'yanci", da "zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara", da "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi", wadda 'yan siyasa ke yawan jawowa lokacin zaɓe.

Amfani a kafofin watsa labarai

A labaran rediyo da jaridun Hausa, talaka a sigar tilo tana wakiltar jama'a gaba ɗaya, kamar a ce "talaka na shan wahala" ko "abin da talaka ke buƙata shi ne tsaro da abinci". Masu fassara kan yi amfani da talakawa a inda ake maganar gama-garin 'yan ƙasa, su kuma koma ga matalauta ko masu fama da talauci idan ana maganar alƙaluma. Misali, rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta Najeriya na 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasar, suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma miliyan 86 daga cikinsu suna Arewa. Wannan adadi na matalauta ne bisa ma'aunin hukumar. Waɗanda ke kiran kansu talakawa sun fi haka yawa, domin malamin firamare da ɗan sanda kurtu da mai shago a unguwa duk suna sa kansu a ciki, ko da ma'aunin bai ƙirga su ba.